BABI NA BAKWAI: RAYUWA DA CIWON ZUCIYA NA HAIHUWA DAGA ƘURUCIYA ZUWA GIRMA

7.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda Bahaushe yake raɗa wa cututtuka suna, da yadda sunan yake nuna masa inda zai nemi magani. Wannan babi zai ɗauki lalura guda ɗaya domin a gwada wancan bayani a kanta, wato tawayar da ake haihuwar yaro da ita a zuciyarsa. A da, yawancin masu tawaya mai tsanani ba sa wuce ƙuruciya. A yau da yawa daga cikinsu suna girma, su yi karatu da sana'a da aure. Saboda haka malamin da aka tura firamare a Kafin Hausa ko Bulangu, ko ƙaramar sakandare a Jahun ko Dutse, zai iya samun irin wannan yaro a ajinsa, zai kuma iya samun irin wannan baligi a cikin abokan aikinsa. Kalmar da malami ya kira yaron da ita, da matakin da ya ɗauka a kansa, suna cikin abubuwan da za su taimaka masa ya kai girma ko su kawo masa cikas.

7.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bambance ma'anonin kalmar zuciya a Hausa da ma'anarta a likitanci;
(b) bayyana ciwon zuciya na haihuwa da manyan ire-irensa cikin daidaitacciyar Hausa;
(c) kawo muhimman matakai na tarihin aikin zuciya;
(d) tattauna matsalolin da mai lalurar yake fuskanta bayan ya girma;
(e) fayyace aikin malami a aji da kuma wajen tattaunawa da iyaye.

7.2 Zuciya a Tunanin Bahaushe

Idan Bahaushe ya ce zuciya, ba safai yake nufin tsokar da ke cikin ƙirji ba. Mafi yawan lokaci yana nufin mazaunin hali da tunani da niyya. Wannan ne ya sa yake cewa "zuciyar mutum birninsa", yake kuma cewa "labarin zuciya a tambayi fuska". Mai zuciya shi ne mai saurin fushi. Wanda ya yi zuciya ya ji haushi ne ya janye jikinsa. Mai farar zuciya mutumin kirki ne, mai baƙar zuciya kuwa mugu ne ko mai riƙo. Wanda ya yi abu da zuciya ɗaya ya yi shi da gaskiya. Tashin zuciya ma, wanda lalura ce ta jiki, daga ciki yake tasowa.

Akwai maganganu guda biyu da suka fi shafar wannan darasi. Na farko shi ne ciwon zuciya. A maganar yau da kullum, da littattafan soyayya da finafinan Hausa, ciwon zuciya abu ne da baƙin ciki yake jawowa, kamar auren dole ko cin amana ko zaman kishi. Don haka idan likita ya ce jariri yana da ciwon zuciya, sai iyaye su yi mamaki, su ce me jariri ya sani a duniya da zai sa wa ransa damuwa? Wasu ma sukan ƙaryata likitan a kan wannan dalili kaɗai.

Na biyu shi ne mutuwar zuciya. Mai matacciyar zuciya shi ne rago, wanda ba ya son motsa jikinsa ya nemi na kansa. Yaron da zuciyarsa ba ta iya tura isasshen jini yakan gaji kafin tsararsa, ya kasa kai ƙarshen kunya a gona, ya tsaya yana haki a hanyar rijiya. Sau da yawa sai a yanke masa hukunci da wannan kalma, a ce zuciyarsa ta mutu, alhali kuwa zuciyar tasa tana aiki ne fiye da ta kowa domin ta cike giɓin tawayarta.

Haka kuma, idan yaro yana yawan suma ko laɓɓansa suna canza launi, akan danganta abin da iska ko maita ko sammu. Idan ya ƙi girma a ce tamowa ce, idan yana haki a ce fuka ce ko sanyi ne ya kama masa ƙirji. Kowane suna a cikin waɗannan yana da nasa mai magani, kuma kafin a zagaya su duka a kai ga asibiti, shekaru sun wuce.

7.3 Zuciya a Ilimin Likitanci

Zuciya tsoka ce da girmanta ya kai kimanin dunƙulen hannun mai ita. Aikinta shi ne tura jini, kamar yadda injin ban-ruwa yake tura ruwa a fadama. Zuciyar baligi tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa, wato kimanin sau 100,000 a kwana guda. Tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, da bango a tsakiya wanda ya raba dama da hagu. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki ya tura shi huhu domin ya ɗauko iskar oksijin. Ɓangaren hagu yana karɓar jinin da ya dawo daga huhu ya tura shi sauran jiki. Akwai ƙyauraye huɗu, waɗanda wasu ke kira bawul, da suke buɗewa su rufe domin kada jini ya koma baya.

Wannan gini yana kammala ne a cikin makonni takwas na farkon ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba. Idan wani sashe bai haɗu daidai ba, sai a haifi yaro da tawaya. Wannan shi ne ciwon zuciya na haihuwa. Shi ne ya fi kowace tawayar haihuwa yawa a duniya, domin a cikin jarirai 1,000 akan sami kimanin 8 zuwa 9 masu shi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan suna buƙatar aiki tun a shekararsu ta farko. Sauran kuwa wasu tawayarsu ƙarama ce, wasu kuma ba a gano ta sai sun girma.

A mafi yawan lokaci ba a iya nuna sababi guda a ce shi ne. Amma an tabbatar da wasu abubuwa da ke ƙara haɗarin samuwarsa. Daga ciki akwai kamuwar uwa da ƙyandar Jamus, wato rubela, a farkon ciki, alaƙar da wani likitan ido a Ostireliya mai suna Norman Gregg ya gano a 1941. Akwai ciwon sukari da ba a kula da shi ba, da shan wasu magunguna ba da izinin likita ba. Kusan rabin yaran da aka haifa da lalurar Dawun suna da tawayar zuciya. Gado ma yana da tasiri, kuma auren zumunci na kusa yana ɗan ƙara haɗarin. A 2025 Nijeriya ta fara gangamin allurar rigakafin ƙyanda haɗe da rubela ga yara, wanda zai kare 'yan mata kafin su kai shekarun haihuwa.

Wajibi ne a rarrabe wannan lalura da wasu guda biyu. Ta farko ita ce lalacewar ƙyauren zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba, wadda yaro yake samu bayan an haife shi lafiya. Ta biyu ita ce gazawar zuciya da ke kama mai jego, wadda aka yi fice wajen nazarinta a Zariya a shekarun 1970.

7.4 Manyan Ire-irensa da Alamominsa

(i) Hujin bangon ƙasa: Wannan shi ne aka fi ganowa ga yara. Jini yana tsallakawa daga hagu zuwa dama, sai ya yi wa huhu yawa. Ƙaramin huji yakan toshe da kansa. Babba kuwa yana sa jariri haki da gumi wajen shan nono, da ƙin ƙiba, da yawan ciwon ƙirji.

(ii) Hujin bangon sama: Wannan yakan ɓuya shekara da shekaru, kuma ya fi yawa ga mata. Akwai wadda ba za ta san da shi ba sai ta yi ciki, ko ta haura shekara 30 ta fara haki da faɗuwar gaba.

(iii) Jijiyar da ta ƙi rufewa: Ɗan tayi yana da wata gajeriyar hanyar jini da ke kewaye huhu, wadda take rufewa a kwanakin farko bayan haihuwa. Idan ta zauna a buɗe sai ta ɗora wa zuciya da huhu nauyi. Ta fi samun bakwaini.

(iv) Tawaya huɗu: Likitan Faransa Étienne-Louis Fallot ya yi cikakken bayaninta a 1888, shi ya sa ake kiranta da sunansa. Jini ba ya isa huhu sosai, sai jinin da ba shi da oksijin ya gauraya da mai shi. Ga baƙar fata, ana ganin alamar a laɓɓa da harshe da dasashi da ƙarƙashin farce, inda suke komawa shuɗi-shuɗi ko ruwan toka. Kan yatsu yakan kumbura ya yi kamar kan taɓarya. Irin wannan yaro yana yawan tsugunnawa bayan ɗan gudu ko tafiya, domin tsugunnon yana ƙara tura jini zuwa huhu.

(v) Tawayar ƙyaure ko ƙuncin jijiya: Ƙyauren babbar jijiya yakan zo da ganye biyu maimakon uku, abin da ke samun mutum 1 zuwa 2 cikin 100. Da yawa ba sa jin komai sai girma ya zo.

Likita yakan fara zargin lalurar idan ya saurari ƙirji ya ji wata ƙara kamar huci a tsakanin bugu da bugu. Abin da ke tabbatar da ita shi ne hoton zuciya na eko, wanda yake kama da hoton da ake yi wa masu ciki, ba ya zafi, ba a tsaga jiki.

7.5 Taƙaitaccen Tarihin Aikin Zuciya

Har zuwa farkon ƙarni na 20 likitoci suna ganin zuciya wuri ne da wuƙa ba ta zuwa. A watan Agusta na 1938 Robert Gross ya ɗaure jijiyar da ta ƙi rufewa ga wata yarinya 'yar shekara 7 a birnin Boston na Amurka, ta kuwa rayu har tsufa. A ranar 29 ga Nuwamba, 1944, a asibitin Johns Hopkins, Alfred Blalock ya buɗe wa jini sabuwar hanya zuwa huhu ga wata jaririya mai tawaya huɗu. Likitar yara Helen Taussig ce ta kawo shawarar, sannan Vivien Thomas, wani baƙar fata da bai sami damar karatun likita ba, shi ya ƙware a dabarar a ɗakin gwaji, ya tsaya bayan Blalock yana nuna masa. A 1953 John Gibbon ya yi amfani da na'urar da ke riƙe aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci, ya toshe hujin bangon sama ga wata budurwa 'yar shekara 18. A Nijeriya an yi aikin buɗe zuciya na farko a ranar 1 ga Fabrairu, 1974, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Inugu, inda Farfesa Fabian Udekwu da abokan aikinsa suka haɗa hannu da Magdi Yacoub, ɗan asalin Masar mai aiki a Ingila. A yau akwai hujin da ake toshewa ta hanyar zura siririn bututu a jijiyar cinya, ba tare da an buɗe ƙirji ba.

Sakamakon wannan ci gaba, a ƙasashen da suka wadata da asibitoci kimanin kashi 90 cikin 100 na yaran da aka haifa da lalurar suna kaiwa girma, har manya masu ita sun fi yara yawa. A ƙasarmu abin bai kai haka ba. Cibiyoyin aikin zuciya kaɗan ne, kuɗin aikin ya kai miliyoyin naira, kuma iyalai da yawa sai sun nemi taimako ko sun tafi Indiya. Duk da haka matakin farko yana kusa. Mutumin Kafin Hausa yana iya fara da babban asibitin garin, daga nan a tura shi Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a Kano.

Misalin da ɗalibai suka fi sani shi ne na Nwankwo Kanu. A 1996 ya jagoranci 'yan ƙwallon Nijeriya suka ci zinare a gasar Olimfik ta Atlanta. A shekarar nan, da ƙungiyar Inter Milan ta Italiya ta saye shi, binciken likita ya gano tawaya a ƙyauren babbar jijiyarsa, alhali yana ɗan shekara 20, ya kuma riga ya ci kofin zakarun Turai da Ajax a 1995. An yi masa aiki a Cleveland ta Amurka a watan Nuwamba na 1996. Ya dawo fili, ya koma Arsenal a 1999, ya sake zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a wannan shekara, ya kuma ci wa Portsmouth ƙwallon da ta ba ta kofin FA a 2008. A 2000 ya kafa gidauniyar da ke taimaka wa yara masu ciwon zuciya. A 2014 aka sake yi masa aiki. Labarinsa yana koyar da abu uku: tawaya tana iya ɓuya a jikin ƙaƙƙarfa, mai ita yana iya yin rayuwa cikakkiya, sannan aiki ɗaya ba ya raba mutum da likita.

7.6 Rayuwa Bayan Girma

Manya masu wannan lalura kashi uku ne: waɗanda aka yi wa aiki suna yara, da waɗanda aka san da tawayarsu amma ba a sami halin aiki ba, da waɗanda ba a gano tasu ba sai da suka girma. A yankunan karkara kashi na biyu da na uku ne suka fi yawa.

Bibiyar likita: Aikin zuciya gyara ne, kuma abin da aka gyara yana son dubawa. Tabon aiki yana iya rikita bugun zuciya bayan shekaru, ƙyauren da aka gyara yana iya sake yoyo. Wanda aka sa wa ƙyauren ƙarfe yana shan maganin hana daskarewar jini har iyakar ransa, ana kuma auna jininsa a kai a kai. Lokacin da aka fi rasa masu lalurar shi ne tsakanin ƙuruciya da samartaka, yayin da yaro ya bar hannun likitan yara, ya ji ƙarfi a jikinsa, ya ɗauka ya warke. Ya kamata ya adana takardunsa na asibiti, ya san sunan tawayarsa, ya iya faɗinsa da bakinsa.

Jinkiri: Idan aka bar babban huji shekaru masu yawa, jijiyoyin huhu sukan ƙanƙance su taurare, har jini ya juya yana tsallakawa daga dama zuwa hagu. Idan aka kai wannan matsayi, toshe hujin ba ya yiwuwa kuma, sai dai magani na rage wahala. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ake son ganowa da wuri.

Ƙwayoyin cuta: Zuciya mai tawaya tana saurin kamuwa idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini, kuma baki ne babbar ƙofarsu. Saboda haka aswaki da buroshi da kula da haƙori suna cikin magani. Cire beli da ƙaho da tsaga da sakiya suna da haɗari ga mai lalurar. Zazzaɓin da ya daɗe bai sauka ba, kada a tsaya sayen magani a kemis, a je asibiti a faɗi tarihin zuciyar.

Sana'a: Tattalin arzikin wannan yanki ya dogara ne da noman gero da dawa da riɗi da zoɓo da shinkafa, kuma akan auna namiji da yawan kunyoyin da ya nome. Mai tawaya mai nauyi ba zai iya huɗa ko dako ba, musamman a bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40. A nan ne ilimi ya zama masa jari. Koyarwa da ɗinki da kasuwanci da aikin ofis da gyaran waya duk suna cikin ikonsa. Kasancewar Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilimi a Gumel, da Jami'ar Tarayya a Dutse, ya kawo karatu mai zurfi kusa da gida. Motsa jiki daidai ƙarfi yana da amfani ga mafi yawansu, likita ne zai faɗi iyaka.

Aure da haihuwa: Iyaye sukan ɓoye lalurar 'yarsu don tsoron kada ta rasa miji, kuma wannan ɓoyo yana iya cin ranta. Ciki yana ƙara yawan jinin mace da kusan rabi, zuciya kuma ita ke ɗaukar nauyin. Mata da yawa masu ƙaramar tawaya, ko waɗanda aka gyara tasu, suna haihuwa lafiya idan an shirya. Amma ga wadda jijiyoyin huhunta suka taurare, ciki haɗari ne mai tsanani, likitoci kan ba da shawarar a guje masa. Abin da ya dace shi ne a ga likitan zuciya kafin aure ko kafin ciki, a sanar da miji gaskiya, a yi awo, a haihu a asibiti. Wasu magungunan zuciya suna cutar da ɗan tayi, sai an sauya su. Kunun kanwa yana da gishiri mai yawa, wankan jego da ruwa mai tsananin zafi kuma yana gajiyar da jiki, don haka mai tawayar zuciya ta nemi shawarar likita a kansu. Haɗarin ɗa ya gaji lalurar ya ɗan fi na sauran mutane, amma mafi yawan 'ya'yansu lafiya ake haihuwarsu.

Azumi da tafiya: Ƙishirwa mai tsanani tana kaurara jinin masu shuɗin laɓɓa. Addinin Musulunci ya yi wa marar lafiya sauƙi a azumi, saboda haka a haɗa shawarar likita da ta malamin addini, haka ma kafin tafiya aikin Hajji.

Halin rai: Wanda ya tashi ana ce masa rago, ko ana yi masa kallon mai gajeren kwana, yakan girma da tsoro da ƙasƙanci. Wanda aka killace aka hana shi komai yakan girma bai iya tsayawa da ƙafarsa ba. Duka biyun cutarwa ne.

7.7 Aikin Malami

Malami ba likita ba ne, bai kamata ya yanke wa yaro cuta ba. Amma yana ganin yaro a cikin tsararsa kullum, don haka yakan lura da bambancin da iyaye suka saba da shi har suka daina gani. Ana buƙatar ya kiyaye waɗannan:

(a) Ya lura da yaron da ke haki bayan ɗan motsi, ko yawan tsugunno, ko suma a asambuli, ko ƙanƙanta fiye da shekarunsa.
(b) Ya guji horon tsallen kwaɗo da gwale-gwale da gudu da tsayuwa a rana ga irin wannan yaro, ya kuma sanar da hedimasta da monita.
(c) Kada ya ware shi daga wasa. Ya bar shi ya huta duk lokacin da ya nema, ya ba shi aikin da zai iya, kamar riƙe rajista ko alƙalancin wasa.
(d) Idan laɓɓan yaro suka canza, numfashinsa ya tsananta, a kwantar masa da hankali, a naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji, a kori taro, a garzaya asibiti. Kada a yi masa hayaƙi, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu alhali ba ya cikin hayyacinsa.
(e) Ya riƙe sirrin yaro, ya hana laƙabin tsokana.
(f) Ya taimaka masa ya cike darussan da ya rasa saboda zuwa asibiti.

Ga misalin tattaunawa tsakanin malami da mahaifin wani ɗan aji huɗu:

Malam: Baba, barka da hutawa. Na zo ne a kan yaronka, ba laifi ya yi ba. Karatunsa ma yana da kyau.
Mahaifi: Madalla, Malam. Sai dai ragwanci. Ko gona muka je, kafin a yi kunya biyu ya tsugunna.
Malam: Shi ne abin da na lura da shi, Baba. Ina ganin ba da gangan yake yi ba. Idan ya yi gudu, laɓɓansa sukan canza. Ko kun taɓa gani?
Mahaifi: Uwarsa ta sha faɗa. An yi masa rubutu, an ce iska ce.
Malam: Allah ya sa a dace. Addu'a kam a ci gaba da yi. Amma da za a kai shi asibiti a saurari ƙirjinsa, da hankali ya fi kwanciya. Akwai yaran da ake haifa da 'yar kafa a zuciya, kuma ana gyara ta idan an gano da wuri.
Mahaifi: Zuciya kuma, Malam? Yaro ƙarami, me ya dame shi?
Malam: Ba ta damuwa nake nufi ba, Baba. Tsokar da ke tura jini nake nufi. Halitta ce daga Allah, ba laifin kowa ba ne. Idan ka amince, ran Litinin sai mu tafi tare.

A lura cewa malamin ya fara da yabo, bai kushe imanin mahaifin ba, bai yanke hukunci ba, ya warware ruɗanin kalmar zuciya, ya kuma ɗauke laifi daga kan uwa.

7.8 Keɓaɓɓun Kalmomi

Tawayar zuciya: naƙasar ginin zuciya da aka haifi mutum da ita.
Hujin zuciya: kafa a bangon da ya raba dama da hagu.
Ƙyauren zuciya: marfin da ke hana jini komawa baya.
Gazawar zuciya: kasawarta wajen tura jinin da jiki yake buƙata.
Shuɗin laɓɓa: alamar ƙarancin oksijin a jini.

An fifita tawayar zuciya a kan ciwon zuciya a wajen koyarwa, domin kalmar tawaya tana nuna gini, ba ta kuma ɗauke da ma'anar baƙin ciki.

7.9 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa tawayar zuciya lalura ce ta gini, tana da yawa, kuma masu ita suna iya kaiwa girma idan an gano ta da wuri aka ci gaba da bibiya. An ga yadda ma'anonin zuciya a Hausa suke iya jinkirta neman magani, da yadda baligi mai lalurar yake buƙatar shiri a sana'a da aure da haihuwa da ibada. Malamin Hausa shi ne ya fi kowa sanin nauyin waɗannan kalmomi, don haka shi ya fi cancanta ya gyara amfani da su a aji da cikin gari.

7.10 Jinga

1. Kawo maganganu biyar masu ɗauke da kalmar zuciya waɗanda ba a ambata a wannan babi ba, ka bayyana ma'anar kowace.
2. Bambance tsakanin tawayar zuciya da lalacewar ƙyaure da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro.
3. Me ya sa yaro mai tawaya huɗu yake yawan tsugunno?
4. Waɗanne darussa ke cikin labarin Nwankwo Kanu ga wanda aka yi wa aikin zuciya?
5. Rubuta tattaunawa ta shafi ɗaya tsakanin malama da mahaifiyar wata budurwa mai tawayar zuciya da ake shirin yi wa aure.
6. A lokacin koyarwar gwaji, tambayi dattawa uku sunayen da suke kiran yaro mai yawan haki da suma, ka rubuta rahoto a kan inda kowane suna yake tura iyaye neman magani.